Hali, Riba da Kwanciyar Rai: Tambaya Daga Kasuwannin Ƙasar Katagum

Gabatarwa

A garin Chinade da sauran garuruwan ƙasar Katagum, da wuya a sami gidan da ba a taɓa ɗan ciniki. Damina gajeriya ce a wannan yanki, ba ta cika wuce wata huɗu ba. Saboda haka da zarar an kai gero da dawa rumbu, an roro wake, an cire gyaɗa, sai magidanci ya nemi abin da zai juya kafin ruwa ya sake sauka. Wani ya shiga awon hatsi, wani ya sari awaki da tumaki ya kai kara, wani kuma ya kafa tebur a ƙofar gida. Mata suna matsar man gyaɗa, suna toya ƙuli-ƙuli, suna zubin adashi. Tun da aikin gwamnati ya yi wuyar samu, har waɗanda suka gama kwaleji ko jami'a akan ce musu su nemi jari su tsaya da ƙafafunsu.

Wannan shawara tana da kyau, amma akwai abin da ba a cika tsayawa a duba ba. Kowa ya taɓa ganin 'yan kasuwa biyu masu maƙwabtaka da rumfa, kayansu iri ɗaya, jarinsu kusan ɗaya. Idan an tashi kasuwa, ɗaya ya koma gida ya ci tuwonsa, ya yi hira da iyalinsa, ya yi barci. Ɗayan kuwa ya kwana yana lissafi, matarsa da 'ya'yansa suna taka ƙasa a hankali don kada su taɓo shi. Idan aka tambayi Bahaushe abin da ya raba su, zai amsa da kalma ɗaya, ya ce hali. Sai dai shi Bahaushen ne kuma ya ce hali zanen dutse. In haka ne, ashe tun ranar haihuwa aka yanke wa ɗan kasuwa rabonsa na farin ciki? Kuma adalci ne a ce wa mai yawan fargaba ya kwantar da hankalinsa, alhali bai zaɓi halinsa ba? Tambayar ta shafi kowane gida da ke ci daga kasuwa.

Tsohuwar kasuwa, tsohuwar jarrabawa

Ciniki ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Malam Ibrahim Zaki ne ya kafa masarautar Katagum a farkon ƙarni na 19, kuma sa'ad da Baturen nan Hugh Clapperton ya biyo ta garin Katagum a 1824, kan hanyarsa daga Barno zuwa Kano, ya tarar da gari mai ganuwa da kasuwa mai ci, ana saye da sayarwa da wuri. A 1916 aka mayar da fadar sarki Azare, wadda a yau take kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, tana karɓar kayan garuruwan kewaye irin su Chinade. Wuri ya wuce, fam da sule sun zo sun wuce, naira ta shigo a 1973, yanzu har ta waya ake tura kuɗi. Abin da bai sake ba shi ne zaman ɗan kasuwa tsakanin riba da asara, ba tare da albashin ƙarshen wata da zai jingina da shi ba.

'Yan shekarun nan sun nuna haka a fili. A watan Yuni na 2018 gobara ta ci babbar kasuwar Azare, mutane da yawa suka wayi gari ba shago ba kaya. A farkon 2023 sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, ciniki ya tsaya a kasuwannin ƙauye inda ba a saba da banki ba. A ƙarshen watan Mayu na wannan shekarar aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, farashin komai ya bi shi. Irin waɗannan masifu ba sa tambayar halin mutum kafin su sauka. Wanda ya ce hali kaɗai ke kawo farin ciki bai taɓa rasa abin cefane ba, gama yunwa da bashi suna girgiza mai haƙuri kamar yadda suke girgiza mai gaggawa. Duk da haka, bayan wuta ta mutu, wani yakan share toka ya nemi rance ya sake farawa, wani kuma yakan shekara bai dawo hayyacinsa ba. A nan ne hali yake bayyana.

Abin da masana suka gano

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin wannan al'amari. Yawancinsu sun yarda cewa za a iya tattara halayen mutane ƙarƙashin manyan rassa biyar: fara'a da sakin jiki cikin mutane; sauƙin kai da tausayi; himma da tsari a kan aiki; saurin damuwa, wanda kishiyarsa ita ce natsuwa; sai kuma son gwada sabon abu. Kowane mutum yana da rabonsa a kowane reshe, wani da yawa, wani kaɗan.

A 1980 waɗansu masana biyu na Amurka, Paul Costa da Robert McCrae, sun nuna cewa biyu daga cikin rassan nan sun fi sauran alaƙa da farin ciki. Mai fara'a ya fi yawan jin daɗin ransa, mai saurin damuwa kuwa ya fi yawan ɓacin rai, har ma halin da aka auna a yau yakan nuna yadda mutum zai ji bayan shekara 10. A 2006 kuma Hao Zhao da Scott Seibert suka tattara bincike masu yawa da aka kwatanta masu kafa sana'ar kansu da manajoji masu karɓar albashi. Suka tarar masu sana'ar kansu sun fi himma, sun fi son sabon abu, ba su kai manajoji saurin damuwa ba, amma kuma ba su kai su sauƙin kai ba.

Akwai kuma batun 'yanci. Matthias Benz da Bruno Frey sun duba ma'aikata a Jamus da Birtaniya da Suwizalan, suka bayyana a 2008 cewa masu aikin kansu sun fi masu albashi gamsuwa da aikinsu, ko da ba su fi su samu ba, domin su ne ke yanke wa kansu shawara. Sai dai wani bincike na Martin Binder da Alex Coad a Birtaniya, a 2013, ya ƙara haske. Wanda ya bar aiki da kansa ya kafa sana'a yakan ƙaru da gamsuwa, amma wanda rashin aiki ya tura shi sana'a bai fi takwaransa da ya sami aikin albashi jin daɗi ba. Wannan ya shafi ƙasar Katagum ƙwarai, domin da yawa daga cikin masu tebur da masu awo larura ce ta kai su kasuwa. Wanda bai zaɓi sana'arsa ba ya fi kowa bukatar sanin halinsa, tun da kasuwa ba za ta sassauta masa don bai shirya mata ba.

Darasin da ya fito daga binciken nan shi ne, halin da ke tara riba da halin da ke kawo kwanciyar rai sukan haɗu a wani wuri, su rabu a wani wuri. Inda suka rabu, nan ne gidaje da yawa suke shan wahala.

Yadda halaye suke aiki a rumfa

Fara'a ita ce mafi sauƙin ganewa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma mai saye yakan koma wurin wanda ya tarbe shi da murmushi, ya yi masa gyara, ya ce masa albarka ba tare da ɗaure fuska ba in tayi bai kai ba. Mai fara'a yana cin riba biyu, gama yana samun ciniki, yana kuma jin daɗin yinin da ya yi cikin mutane. Haɗarinsa shi ne son a gan shi. Yakan yi kyautar da ta fi ƙarfinsa a wurin biki, ya ɗauki alkawarin da ba zai iya cikawa ba, har uwar kuɗi ta soma zaizayewa bai lura ba.

Mai himma da tsari shi ne wanda kowa yake so ya ba ajiya. Yana buɗe shago da wuri, yana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, yana biyan wanda ya ba shi sari a ranar da aka yi alkawari. Irin wannan mutum yana da kwanciyar rai ta musamman, domin ba ya sauya hanya don gudun mai binsa bashi. Amma himmar da ba ta da linzami takan zama bauta. Akwai wanda ba ya iya rufe shago ko ranar hutu, ba ya zuwa gaisuwar mutuwa sai a tsaye, 'ya'yansa sun san kuɗinsa amma ba su san muryarsa ba. An saba yabon irin wannan mutum a gari, sai dai a tambayi matarsa.

Mai saurin damuwa kuwa kasuwa takan zame masa gidan azaba. Ya sayi wake da kaka ya ajiye, sai tsoron ƙwari ya hana shi barci. In farashi ya faɗi, ya ga kamar ya karye. In ya tashi bayan ya sayar, ya yi ta cizon yatsa. Ba a nan kaɗai labarinsa ya tsaya ba, domin fargabar nan tana da amfaninta. Shi ne ba ya zuba dukan jarinsa a kaya ɗaya, shi ne yake duba buhu har ƙasa kafin ya biya, kuma da wuya 'yan damfara masu alkawarin ninka kuɗi su same shi. Yana iya daɗewa a kasuwa fiye da mai ƙarfin zuciya, amma yakan biya da lafiyarsa da zaman lafiyar gidansa.

Inda tambayar ta fi tsanani shi ne wajen sauƙin kai, domin a nan ne riba da zumunci suke karo. A gari irin Chinade, inda kowa ya san kowa, mai shago ba baƙi yake sayar wa kaya ba. Maƙwabci ne zai zo ya ce a auna masa tiya biyu zuwa ranar kasuwa. Suruki ne, abokin makaranta ne, ɗan'uwa ne da ake zama kujera ɗaya da shi a wurin sujada. Mai taushin zuciya ba ya iya cewa a'a, kuma kunya ba ta barinsa ya je karɓa. Cikin shekara ɗaya ko biyu sai a ga kanta ta zama fayau, jari yana hannun mutane. Abin baƙin ciki, ba kuɗin kaɗai yake rasawa ba. Waɗanda suka ci bashin sukan soma kauce masa, shi kuma zuciyarsa ta cika da ƙullaci, har tausayin da ya fara da shi ya koma ɗaci. Mai taurin kai kuma yana tsare jarinsa sarai, ba ya ba da bashi, ba ya sassauta wa kowa ko da gwauruwa ce ta zo da marayu. Shagonsa yana cika, amma ran da ciwo ko gobara ta same shi, yakan duba ƙofa bai ga mai shigowa ba. Dukansu biyu sun yi asara, ko da yake littafin lissafi asarar ɗaya kaɗai yake nunawa.

Mafita tana cikin raba kyauta da bashi tun daga zuciya. Ɗan kasuwa mai hikima yakan ware abin da zai iya bayarwa don Allah, ya bayar ba tare da jiran a mayar ba, sa'an nan ya riƙe sauran da gaskiya, ya rubuta kowane bashi a gaban mai karɓa, ya faɗi ranar biya. Mai taushin zuciya zai koyi cewa faɗin a'a cikin ladabi ba mugunta ba ce. Mai taurin kai zai koyi cewa hannun da bai taɓa buɗewa ba, ba a miƙo masa kome.

Ko zanen dutse yana gyaruwa?

Karin maganar nan tana da gaskiyarta. A 1996 David Lykken da Auke Tellegen, bayan nazarin tagwaye masu yawa a jihar Minnesota ta Amurka, sun bayyana cewa kusan rabin bambancin da ke tsakanin mutane wajen jin daɗin rai yana da alaƙa da gado. Iyaye mata sun riga masana sanin haka, gama tun a goye ake gane yaro mai dariya da yaro mai firgita. Saboda wannan, bai kamata a ɗora wa mai saurin damuwa laifi a kan yanayin da aka haife shi da shi ba, balle a ce masa rashin bangaskiya ne yake damunsa. Irin wannan magana nauyi take ƙara masa. Ba kuma daidai ba ne mai fara'a ya yi fahariya da sakin fuskarsa kamar shi ya ƙera ta.

Amma rabi ba duka ba ne. A 2006 Brent Roberts da abokan aikinsa suka haɗa sakamakon bincike 92 da aka bi mutane shekara da shekaru, suka ga hali yana sauyawa a tsawon rayuwa. Yawancin mutane suna ƙara himma da natsuwa yayin da suke girma, musamman tsakanin shekara 20 da 40, watau lokacin da aure da sana'a da renon 'ya'ya suke ɗora musu nauyi. Zanen yana nan a kan dutse, amma igiyar guga ma takan yi wa bakin rijiya gurbi saboda yawan bi.

Ya kamata a bambanta abu biyu da harshen Hausa yake kira da suna ɗaya. Akwai yanayin da mutum ya zo da shi duniya, akwai kuma halin da tarbiyya da zaɓin yau da kullum suke ginawa a kansa. Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki da koyarwa a Arewacin Nijeriya, ya wallafa nazari a 1974 a kan wanda Hausawa suke kira mutumin kirki. Ya lissafa siffofi 10: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu dukiya a cikinsu, babu kuma wadda aka keɓe wa mai fara'a ko aka hana mai shiru. Dukansu koyonsu ake yi, kuma kowannensu yana da aiki a kasuwa. Gaskiya ce take hana tauye mudu da yin algus, amana ce take sa a ba mutum kaya ba takarda, haƙuri ne yake riƙe shi a shekarar da kasuwa ta mutu.

Wani zai ce ai ga masu ha'inci nan suna gina gidaje, suna dariya. Haka ne, kuma ba kullum ne asirinsu yake tonuwa a idon duniya ba. Amma jin daɗi dabam, kwanciyar rai dabam. Wanda ya cika ƙasan buhu da tsakuwa dole ya riƙa tuna wanda ya sayar wa, ya riƙa zargin yaran shagonsa da abin da shi ya koya musu. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne tun kafin a kama mai shi.

Masu bi suna da misali a kusa. Manzo Bulus ɗan sana'a ne, da ɗinkin tanti ya ciyar da kansa a Koranti, kuma duk mai karanta wasiƙunsa zai ga mutum ne mai zafin himma tun asali. Bangaskiya ba ta mayar da shi mai sanyin jiki ba, ta dai juya himmar zuwa wata hanya. Sa'ad da ya rubuta wa ikkilisiyar Filibi daga kurkuku, ya bayyana wadar zuci a matsayin abin da ya koya cikin samu da rashi, ba abin da aka haife shi da shi ba. Ikkilisiyar nan kuwa a gidan wata 'yar kasuwa ta fara samun masauki, watau Lidiya mai sayar da tufafin shunayya, wadda ta haɗa iya ciniki da buɗaɗɗen hannu. A ɗaya gefen akwai misalin manomin nan mai arziki a cikin Luka sura 12. Ba a zarge shi don gonarsa ta yi albarka ba. Laifinsa shi ne, a cikin dukan shirinsa bai ga kowa ba sai kansa da rumbunansa.

Abin da ya rage wa iyali

Tun da yake a gida ake fara gina hali, iyaye ne suke da aiki na farko. Kafin a tara wa yaro jari, ya kamata a san ko wane ne shi. Yaro mai son mutane zai iya dillanci ko tsaron shago, amma a haɗa shi da mai riƙe masa lissafi. Mai shiru da tsari zai fi jin daɗin sana'ar hannu, kamar ɗinki ko gyaran waya ko kiwo. Mai fargaba a fara masa da ƙaramin jari da kayan da ba sa saurin lalacewa, a kuma guji kwatanta shi da ɗan'uwansa a gaban mutane. Tura kowane yaro sana'a ɗaya don an ga ta karɓi ɗan maƙwabci yakan jawo asarar jari da karyewar zuciya tare.

Miji da mata su ma su san cewa sau da yawa halayensu cike wa juna suke yi. Inda miji yake da gaggawa, matarsa mai taka-tsantsan kariya ce gare shi, idan zai saurare ta. Raba kuɗin cefane da uwar kuɗi, rubuta lissafi kowace yamma sa'an nan a rufe littafin, da keɓe ranar hutu wadda ciniki ba ya shiga, ƙananan abubuwa ne, amma suna rage wa mai damuwa damuwarsa, suna kuma sa wa mai himma linzami. Wanda damuwa ta hana shi barci da cin abinci na tsawon makonni ya je asibiti, gama wannan ciwo ne mai magani, ba abin kunya ba. Masu saye kuma suna da nasu rabon. Wanda ya karɓi kaya bashi a wurin ɗan'uwa ya yi shiru, yana kuwa da halin biya, ya sani ba jarinsa kaɗai yake ci ba, har da barcinsa da kyakkyawan zatonsa ga mutane.

Kammalawa

Ba wanda ya zaɓi yanayin da aka haife shi da shi, kamar yadda manomin Chinade bai zaɓi irin ƙasar gonar da ya gada ba. Wata jigawa ce, wata fadama, kuma kowace tana da abin da take karɓa da irin ciyawar da take fitarwa. Abin da za a tambayi manomi shi ne yadda ya nome tasa. Ɗan kasuwar da ya san halinsa, ya gode wa Allah saboda ƙarfin da ke cikinsa, ya kuma tsare wurin rauninsa da gaskiya da haƙuri, zai iya rufe rumfarsa da yamma ya koma gida da zuciya ɗaya, ko kasuwa ta yi kyau ko ba ta yi ba. Ubangiji ya ba kowane gida irin wannan riba.